Abin Wuyan Mora

Ana gobe ƙungiyar masu kiwon karnukan simaron ta garin Paso Tala za ta cika shekara sittin, aka bugo wa Sufeto Barboza waya: an sace abin wuyan Mora.

Mora ita ce karyar da aka kamo daga duwatsu, duk karnukan ƙungiyar jikokinta ne. A wurin biki za a fito da abin wuyanta na fata daga akwatin gilashi, karo na farko, kowa ya taɓa.

Shugaban ƙungiya, Don Walmir, ya tari Sufeto yana huci. Ya ce mahaifinsa ne ya kamo Mora, kuma ɓarawon ba kowa ba ne sai tsoho Ubaldo Techera mai shara, a tafi da shi yanzu. Shi kansa rabonsa da nan mako guda.

Sai an ratsa shingen 'yan kwikwiyo ake shiga ɗakin da akwatin yake. Sufeto ya duƙa ya dubi ƙofar shingen. An ɗaure ta da igiya, ƙulli biyu, yadda masu kiwo ke yi.

Ya juya ga Ubaldo. "Baba, kai ka ɗaure nan?"

Ubaldo ya miƙo yatsunsa da suka ƙage. "Da waɗannan, ɗana? Waya nake maƙalawa."

A bakin akwatin akwai maiƙo. Sufeto ya shinshina: kitsen rago. Nan take ya sa aka saki manyan karnuka. Suka zabura, suka wuce kowa, suka yi wa jakar sirdin Don Walmir zobe suna kaɗa wutsiya.

"Don Walmir, nama kake sayarwa a ɓoye? Buɗe mu gani."

Shugaba ya zauna a ƙasa. Ya ce jiya da rana ya ciro abin wuyan, ya ga fatar ta bushe, zuciyarsa ta kasa bari, ya shafe ta da kitse. Da ta yi laushi ya juya cikinta, sai ga sunan wanda ya kamo Mora an zana da wuta. Ba mahaifinsa ba ne, makiyayin mahaifin ne; shi ya sa ya ɓoye abin wuyan.

"Da ka bar ta a bushe, da ban kama ka ba," in ji Sufeto a hankali. Kofur ɗin da suka zo tare ya wuce da shi mota.

Ubaldo ya roƙi a karanta masa sunan, idonsa ba ya gani sosai.

"Techera," in ji Sufeto.

Tsohon ya daɗe yana shafa fatar. "Babanmu ya sha faɗa mana shi ya kamo ta," ya ce. "Dariya muke masa."