Littafi Mai Bangon Takardar Siminti

Ranar wata Juma'a da la'asar Bara'atu ta sauka a tashar Gusau, a gajiye liƙis. Daga Bungudu ta taso, inda take koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata, kuma gida za ta, 'Yandoto. Motar Tsafe, wadda za ta bi da ita gida, mutum uku ne kacal a ciki, direban ma ya tafi abinsa.

A gefen tasha ta hango rumfar gwanjon littattafai. Mai rumfar, wani dogon saurayi mai suna Mannir, yana zaune kan kwali yana gyangyaɗi. Kada in yi muku ƙarya, ba wani kallon da ya tsayar da zuciya aka yi ba. Ita ta gaji, shi ma ya gaji.

"Malam, kana da littafin da ya yi bayanin asalin halittu da Turanci mai sauƙi? Yana cikin abin da ake tambayar yara a jarrabawa, ni ko iyakata abin da na haddace."

Ya murza ido. "Dila nake saye daga Legas, ban sanin mi ke ciki sai na kwance. Ki bar mini lambarki."

Bayan mako biyu saƙo ya shigo mata: "Malama, an dace. Amma hoton bangon zai jawo miki wa'azi a mota."

Da ta je karɓa, ta ga da gaskiyarsa. Jerin hotuna ne, daga biri a duƙe har zuwa mutum a tsaye. Mannir ya yanko takardar buhun siminti ya naɗe bangon tsaf, ya miƙa mata. Wannan ɗan naɗin ne ya fara shiga ranta, don ta daɗe ba ta ga wanda ya rage mata wahala ba tare da ta roƙa ba.

Daga nan kowace Juma'a sai ta tsaya. Yakan nuna mata wani littafin da ya ƙi sayuwa, na wasu matasan Turawa masu gashi a miƙe kamar ƙayar bushiya, masu kiɗan hayaniya da ake kira pank.

"Na karance shi tas," in ji shi. "Ba su da aikin yi, sun gaji da komai, shi ne suke ta ihu."

"To ai mu ma mun gaji."

"Mun gaji, Malamata. Ƙarfin ihun ne ba mu da shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da ta manta yadda ake yi. Kafin damina ta tsaya, ya zama Dogona a wayarta.

Da Mannir ya turo manyansa, mahaifinta Malam Shu'aibu ya ce a dakata a yi bincike kamar yadda aka saba. Malam manomi ne mai karatun zaure, kuma da ƙyar ya bar ta ta kama aiki. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: ranar da boko ya taɓa imaninta, ranar za ta ajiye alli.

Kawu Lawwali aka tura binciken, kuma nan aka yi kuskure. Ɗansa Bashar, mai kemis a Tsafe, ya shekara biyu yana aiko wa Bara'atu turare tana mayarwa.

Aka yi rashin sa'a, a makon ne ta kawo wa Mannir littafin don ya ɗinke shafukan da suka zazzago. Ya cire takardar simintin ke nan sai ga Kawu. Kawu bai iya Turanci ba, amma ai hoto ba ya buƙatar tafinta. Ya dubi birin, ya dubi masu gashin bushiya da ke gefe, ya ja da baya yana salati.

"Wanga na wane ne?"

Mannir ya san sharaɗin Malam. Ya ce, "A rumfata yake, Baba."

Kafin magariba labari ya isa 'Yandoto: yaron yana sayar da littafin da ya ce kakanmu biri ne, ga kuma na matsafa. Malam Shu'aibu ya ce an rufe maganar.

Bara'atu ta rubuta wa Mannir: "Dogona, nawa ne fa. Gobe zan faɗa wa Baba."

Ya amsa: "Kada ki faɗa, Malamata. In kin faɗa kin rasa aikin, kuma ba lalle ki same ni ba. Yara sittin na jiran ki ran Litinin. Ni na saba da zaman jira."

Ba ta faɗa wa Malam ba, kuma abin ya ci ta. Mako bakwai tana sauka a tasha ta zagaya ta bayan masu lemo don kada su haɗa ido. Shi ya ɗauka ta haƙura da shi, ita kuma kunya ce ta hana ta. Bashar ya dawo da turarensa, har da sabuwar hula. Ga shingayen hanya, ga fargabar daji kowace tafiya, ga aji mai hayaniya. Ta rame, ba ta ko iya kuka sosai saboda gajiya.

Ranar da aka kawo gero daga gona ta tsaya a rumfar, ta ce wa Mannir ya ba ta littafin. Ya ɗauko ya miƙa mata.

Ta tarar da Malam a tsakar gida yana aikin da ba ya bari kowa ya yi masa, wato zaɓen zangarniyar da za a ajiye ta iri. Ta durƙusa ta ajiye littafin a gabansa, bangon a buɗe.

"Baba, nawa ne. Ni na sa ya nemo mini, don ina koyar da shi. Ya rufa mini asiri ne."

Malam ya daɗe yana juya zangarniya a hannu. Sannan ya ce, "Karanta mini da Hausa. Ba ni yanke hukunci kan hoto kamar Lawwali."

Yini uku suna zama bayan la'asar. Farkon littafin bayani ne kan yadda manoma da makiyaya ke zaɓen iri har amfanin gona da dabbobi su sauya kama. Malam ya gyaɗa kai. "Wanga ya san noma." Da aka zo kan ɗan Adam kuwa sai ya ɗaga hannu.

"Nan mun rabu da shi. Ni ɗan Annabi Adamu ne. Ke hwa, ɗiyata?"

"Ni ma haka, Baba. Na karanta don in san abin da nake faɗa wa yara. Sallata tana nan yadda ka koya mini."

Ya aika a kira Mannir.

A zaure ya tambaye shi, "Littahin ga na wane ne?"

"A rumfata aka gan shi, Baba."

Sau uku yana tambaya, amsar ba ta sauya ba, sai gumi da ke tsattsafo wa Mannir.

"To ta riga ta hwaɗa mini," in ji Malam. "Kusan wata biyu ana zagin ka cikin garin ga, ba ka buɗe baki ba. Shekara arba'in ina zaɓen iri, yaro. Ba wadda ta yi kyau da ruwa nika ajewa ba, wadda ta tsaya lokacin hwari nika ajewa. Turo manyanka."

Mannir ya sunkuyar da kai. Bara'atu da ke laɓe bayan ƙofa ta zauna daɓas a ƙasa, kukan mako bakwai ya zo mata gaba ɗaya.

Bayan kaka aka ɗaura aure a 'Yandoto. Kawu Lawwali ya zo, ya ci shinkafa, bai dai yi yawan magana ba.

Da amarya ta tare a Gusau tana kwance kaya, sai ta ga littafin a ƙasan akwati. An sake naɗe shi da sabuwar takardar siminti, naɗin a karkace, irin na hannun da bai saba ba. A kai Malam ya yi rubutu da ajami: "Na Malama Bara'atu. Ki koma ajinki ran Litinin. Allah shi yi muku albarka."

Ta miƙa wa Mannir. Ya karanta, ya shafa bangon.

"Amin," ya ce. "Zauna ki huta, Malamata. Yau babu motar da za ki jira."