Wayar da Ɗantsoho ya jefa a rijiya

Duk inda Ɗantsoho ya kai shanunsa kwana, sai ɓarayi sun same su, har ya rage masa bijimin noma kaɗai. Mai gyaran waya a kasuwar Magariya ya duba wayarsa ya ce, "Baba, wayar nan zafi take yi ba a taɓa ta ba, batir na zuba. An dasa maka kunne a ciki. Duk abin da ka faɗa, wani yana ji."

Ɗantsoho ba mutumin dogon zance ba ne. Ya jefa wayar a tsohuwar rijiya, ya ɓoye bijimin, ko matarsa bai gaya wa wurin ba.

Bayan isha'i yana komawa garinsu Kwaya a amalanken jaki, wani dogon mutum ya roƙi ya rage masa hanya. Jakin ya kafe, sai da ya sha sanda ya motsa. Rani ne, amma rigar baƙon tana ɗigar ruwa, tana warin laka.

Ɗantsoho ya ce, "Malam, ina ka nufa?"

Baƙon ya buɗe baki, leɓensa bai motsa ba. Muryar Ɗantsoho ce ta fito, ƙasa-ƙasa: "Garken ƙanena Husaini, bayan tsamiya. Can ba mai ganin bijimin."