Tagar da Injiniya Ya Rufe

"Ki cire shafin nan, Malamata... don Allah!"

Dakta ta dubi takardar, ta dubi Injiniya. Bikinsu ya kusa. Shi ne ya rufe tagogin karɓar jama'a na ofishin birni, ya ce mai neman rumfar kasuwa ko gurbin makaranta ya nema ta waya. Ita kuwa aikinta a jami'a bin unguwanni ne, tana binciken waɗanda zamanin waya ya bari a baya. Gobe za ta karanta sakamakon a gaban majalisar birni.

"Na ga tsohuwar da ta rasa rumfarta don wayarta ba ta shiga intanet. In ce ban gani ba?"

"Kujerata ce za ta tafi."

"Na sani, masoyi."

A gida Umma ta tafa hannu. "Wanda zai aure ki za ki kwance wa zani a kasuwa? Lallai boko ya yi rana!"

Mataimakiyar Injiniya kuwa, mai kai masa shayin da bai nema ba, tuni ta raɗa masa cewa Dakta farfesa take son zama, shi ne tsaninta.

Washegari Dakta ta karanta a gaban majalisa, ba ta tsallake layi ba. Kukan sai a mota ta yi shi.

Aka sauke Injiniya. Ya daina ɗaukar kiranta, danginsa suka aiko a dakata da maganar biki.

Da majalisa ta sa aka buɗe taga guda, Dakta ta je. Wai bincike ne ya kai ta. Layi har bakin titi, a bayan tagar kuma Injiniya ne, hannun riga a naɗe, yana cika wa wani dattijo takarda. Ashe shi ya roƙi a ba shi wurin.

Ta bi layi.

"Me ake nema?" Bai ɗago ba.

"Na yi ta kira... ba a ɗauka."

Ya ɗago. Ya ga ita ce.

"Duk wanda ya zo tagar nan haka yake ce mini," ya faɗa a hankali. "Ki yafe ni, Malamata. Ki ce wa Umma ranar bikin tana nan."

Tsohuwar da ke bayanta ta zungure ta da lema.

"'Yar nan, in soyayya ce ku matsa gefe! Ni rumfata na zo karɓa."