Bugun Da Ya Makara

Delfina ta shigo filin da lemo guda a jaka, ba kuma don sha ba. Ranar ce tsofaffin mawaƙan rok ɗin nan, Los Tordos, suka dawo dandamali bayan shekara ashirin da biyar. Duk mai furfura a birnin Rosario ya zaro baƙar rigarsa ta samartaka ya cusa tumbi a ciki. A layin mai gasa nama wani dogon saurayi ya hango lemon, ya tambaye ta na wa ne.

"Na sabon mai gangunansu ne. Kujerar babana aka ba shi."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce ta tsaya ta hagu, za ta fi samun saiti, ya kuma karɓi lambarta wai don ya ji yadda aka kwashe.

Da aka fara wasa, sai ga shi zaune bayan gangunan. Kunya ta kama ta, amma ba ta fasa ba. Lemon ya same shi a goshi.

Washegari saƙo ya shigo: "Lisandro ne, mai goshi. Kin iya jifa, Lemona. Saura ki zo duba mara lafiya."

Ta amsa: "Allah ya ƙara. Bakin kogi, ƙarfe huɗu."

Kafin wata shida sun zama tamkar jini da hanta. Amma gida akwai mahaifinta, Don Anselmo, wanda abokansa suka sallama tun da hannunsa ya fara karkarwa, suka kuma yanke hotonsa daga fosta. Da Lisandro ya je gaishe shi, tsohon ya zagaya da ƙoƙon shayin mate ga kowa, ya tsallake shi. A garinmu gara a zagi mutum da a yi masa haka.

Lisandro ya yi ta rantsuwa cewa da faifan tsohon ya koyi kiɗa. Har bugun nan na waƙar jirgin ruwa ya haddace, wanda ke ɗan makara, jama'a su riƙe numfashi sannan su tafa tare.

"Ka san mene ne bugun nan?" in ji tsohon. "Ranar ce hannuna ya fara ƙin jin magana. Ciwona kake kwaikwayo, yaro, ana yi maka tafi. Kana son 'yata? Ranar wasan ƙarshe ka buga shi daidai, yadda na so in buga."

Delfina ta san abin da hakan ke nufi. Ta rubuta masa: "Masoyina, korarka za su yi. Baba so yake wani ma ya ɗanɗana abin da aka yi masa."

Ya mayar: "Kujera dai ce, Lemona. Da ma ba tawa ba ce."

Ranar wasan ƙarshe, Lahadi da la'asar, mutum dubu ashirin suka cika filin. Don Anselmo na gaba, hannu a aljihu, 'yarsa a gefensa. Aka zo waƙar jirgin ruwa, kowa ya ɗaga hannu yana jira. Lisandro ya sauke sandar a kan lokaci, cas. Tafin jama'a ya faɗa a wofi.

Sai ihu. Kofuna da takalma suka yi ta yawo a sama. Beto, tsohon mawaƙin ƙungiyar da ya rina gashinsa baƙi ƙirin, ya juya da lasifika a baki ya ce wannan ko bugun da gurgun hannu ya iya ya gagare shi, ya sauka ya ba mutane wuri. Fili ya kwashe da dariya.

Don Anselmo ya ji waƙarsa daidai karo na farko, ya kuma ji yadda aka tsane ta. Wani ƙato a gefensa, sanye da riga mai tsohon hoton Don Anselmo, yana ta zagin Lisandro har ya ture tsohon, bai ma gane shi ba. Hawaye ya zubo wa tsohon. Ni dai ban tausaya masa sosai ba. Shi ya nema.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu, aka yi gashin nama a tsakar gida, ba ɗan Los Tordos ko ɗaya. Tsohon ya cika ƙoƙon mate da hannunsa mai rawa, rabi na zubewa, ya miƙa wa angon kafin kowa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Sha, ɗana. Yanzu da suka kore ka, ka zama ɗan gida."

Delfina ta riƙe hannun mijinta gam. Baƙi suka ɗan makara, sannan suka tafa.