Hannun Da Ke Kan Muciya

"Buɗe idonki ki kalla da kyau! Ga mijin da kika kwaso mana!"

Bardiya ya dangwarar da wayarsa a gaban ƙanwarsa Parastu, har shayinta ya fantsama kan tebur.

Hoton ƙananan kwanoni ne a jere, cike da shole zard, kunun shinkafar nan mai za'afaran da ruwan wardi. A saman kowane kwano an rubuta "Ya Husaini" da garin kirfa. A ƙasan hoton kuma wani marar suna ya rubuta: Siyamak mai gurasa, karen gwamnatin Iran a Hamburg.

"To sai me, Dadash?" ta ce, haka take kiran yayan nata. "Kunun sadaka ne! Mahaifiyarsa ce ta yi bakance tun yana jariri, lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi. Da ta rasu ya ci gaba da cika mata duk watan Safar. Shi ne laifin?"

"Haka suke fakewa ai! Me ya sa ya ƙi rataya tutarmu ta 'yan adawa a shagonsa?"

"Gurasa yake sayarwa, ba tuta ba!"

Ya ja hoton gefe, wani ya fito. Katuwar tukunya ce, ga hannun wata mace riƙe da muciya, fuskarta ba ta fito ba.

"Bara aka ɗauki hoton nan. Wannan tsohuwar munafukar ma muna nemanta. Ranar Asabar zai sake ɗora tukunyar, za mu ga wanda zai leƙa!"

Mahaifiyarsu, da suke kira Maman, wadda ke yanka cuku tun ɗazu, ta ajiye wuƙar ta shige kicin.

Parastu ta juya wajen mahaifinta. Aga Manuchehr na zaune ya ɗora hannunsa na dama kan jarida, hannun nan mai karkatattun yatsu. A kurkukun Tehran aka karya su, shekarun da yake jiran a rataye shi. Tun da ya fito ya hana duk wani abu mai ƙamshin malaman da ke mulkin ƙasar shiga gidansa, ko carbi ne.

Ta kira shi da lafazin ƙauna irin na ƙasarsu: "Baba jan... kai ka san Siyamak. Nan ya zo da furanni, na miƙa masa shayi a gabanka, ka ce ya yi maka."

"Ban san yana yi musu girki ba."

"Wa yake yi wa? Tsofaffin unguwa ne ke sha!"

"Ki mayar masa da zobensa," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ban tsere musu don in haɗa jini da su ba."

Parastu ta harari yayanta. Na Baba da sauƙi, shi jikinsa ya gaya masa. Amma Bardiya? Yaron da aka goyo shi aka fito da shi daga Iran, ko hayaƙin 'yan sanda bai taɓa shaƙa ba, shi ne yau yake raba wa mutane shaidar kishin ƙasa daga kan kujera! Ta figi jakarta ta fita, ƙofar ta bada ƙara a bayanta.

Tun daga nesa ta hango jan fenti a gilashin shagon. Siyamak na tsugune yana kankarewa da soso, gari duk a gashin girarsa. Shagon da kullum sai an yi layi har waje saboda gurasarsa mai gasuwa kan tsakuwa, yau ko kare babu.

"Parastu jan! Kin yi kuka..."

"Ka fasa ɗora tukunyar nan, Siyamak. Bana kaɗai! In an ɗaura aure ka dafa tukunya goma, ni zan wanke maka shinkafar."

Ya yi murmushin nan nasa mai kashe mata jiki, amma ya girgiza kai.

"Hasken idona, da bakina na yi wa mahaifiyata alkawari ta waya tana kan gadon mutuwa. Ban samu zuwa jana'izarta ba. Abin da ya rage tsakanina da ita ke nan."

"Ni fa? Ni ba ni da alkawari a wuyanka? Baba ya ce in dawo maka da zobe!"

Soson ya faɗi daga hannunsa. Ya daɗe yana kallon yatsanta.

"Za ki cire?"

"Kai ka san ba zan iya ba, mugu kawai!" Hawaye suka ɓalle mata. "To ko tutar ka rataya mana, kowa ya huta!"

"Ƙanwata tana Yazd da 'ya'yanta. In na rataya, gobe hoton na can, a ƙwanƙwasa mata ƙofa. Waɗancan su ce maci amana, waɗannan su ce ɗan leƙen asiri. Ni kuwa yanzu ko wayata tsoron ɗagawa nake, jiya wani ya ce ya san inda nake ajiye keke."

"Wace ce matar da ke hoton? Ta fito ta faɗi gaskiya mana!"

Ya kau da kai. "Mai buƙata ce ta zo ta juya tukunya ta roƙi Allah, kamar yadda ake yi. Ba zan faɗi sunanta ba."

"Har ni?"

"Har ke, rabin raina. Ki yafe mini."

Ta tafi tana jin haushinsa kamar ta shaƙe shi, tana kuma jin sonsa ya ninka na jiya.

Ranar Asabar da hantsi ta tashi ta tarar gidan shiru. Baba na barci, Bardiya ya fita, Maman ma an ce ta tafi cefane. Sai ta tuna yau ce ranar ɗora tukunyar. Ta zura takalmi ta nufi shagon da sassarfa.

Ta makara. Jama'a sun riga sun cika ɗan filin da ke bayan shagon, tutoci a kafaɗa, wayoyi a sama. Kuma ba baƙi ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ga likitan haƙorin da suka yi rawa a bikin 'yarsa. Ga matar da kullum sai ta roƙi Siyamak ya ajiye mata gurasa mai riɗi. Ga Bardiya can gaba, yana ɗaukar bidiyo kai tsaye duniya na kallo.

"Kare! Karen malamai! Koma wajen iyayen gidanka!"

Siyamak na tsaye gaban tukunyar ya ware hannuwa. A bayansa wata mata ta duƙa, ta ja ɗankwali ta rufe fuska, hannunta na kan muciya.

"Don Allah ku tsaya!" yake cewa. "Ku zage ni, na yarda. Akwai dattijuwa a nan!"

"Ita muke nema! A nuna fuskarta!"

Dutse ya fara sauka, gilashin taga ya tarwatse. Parastu na kutsawa tana ihu, ba mai jin ta. Sai wani ƙato ya zagaya ya sa ƙafa ya hankaɗa murhun.

Tukunyar ta karkata kan matar.

Siyamak bai tsaya neman tsumma ba. Da hannuwansa biyu ya tare bakin tukunyar ya ture ta gefe, tafasasshen kunun ya kwarara masa tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ƙarar da ya saki, Parastu ba za ta manta ta ba har ta mutu.

Ko wannan bai ishe su ba. Mai gurasar riɗin nan ta yi tsalle ta fizge ɗankwalin dattijuwar. Ita da kullum take kan titi tana ihun a bar mace ta sa abin da take so, yau ita ce da tsiraita kan uwar wani!

Furfura ta zubo. Matar ta ɗago.

"Maman!!"

Muryar Parastu da ta Bardiya suka fita tare. Wayar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa cikin kunun da ke malala a ƙasa.

Kafin jiniyar 'yan sanda ta ƙaraso, jaruman nan sun naɗe tutocinsu sun watse, kowa ya tuna yana da uzuri.

A asibiti aka naɗe hannuwan Siyamak har gwiwa. Likita ta ce zai warke, amma yatsun dama sai abin da Allah ya yi. Parastu na zaune a baranda ta riƙe Maman, sai ga Baba ya shigo, maɓallan rigarsa ma a karkace.

"Mahin! Me ya kai ki? Ke da kanki, a tukunyar waɗannan mutanen?"

Maman, wadda Parastu ba ta taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba, ta miƙe tsaye.

"Waɗanne mutanen, Manuchehr? Ranar da aka ce za a rataye ka, ina goye da wancan," ta nuna Bardiya da ya raɓe a bango, "ba lauya, ba dangi, kowa ya gudu. Na ɗaga hannu na ce, Ya Allah, in ka dawo mini da shi da rai, duk shekara sai na juya tukunyar shole zard har in mutu. Ka dawo! Ka ce ba a gidanka ba. Shekara da shekaru ina satar jiki ina bin kicin ɗin mutane kamar ɓarauniya, har yaron nan ya buɗe shago ya rufa mini asiri."

"Mahin..."

"Ban gama ba! Su suka karya maka yatsu, na sani, ni na yi jinyarsu. To yau wa ya ƙona na yaron nan? Malamai ne? Ɗanka ne da abokansa! Mun ƙetare duniya muna gudun masu duba abin da ke kanmu da abin da ke tukunyarmu, ashe mun taho da su a cikin akwati!"

Bardiya ya matso yana kuka. "Maman, wallahi ban san ke ba ce..."

"Da uwar wani ce fa? Shi ke nan ta halatta?" Ta juya masa baya. "Kar ka taɓa ni tukuna."

Baba ya leƙa ta gilashin ƙofar ɗakin da Siyamak ke kwance, ya kalli naɗaɗɗun hannuwan, ya kalli nasa. Sannan ya juya ya fita, kafaɗunsa sun zube. Parastu ta bi shi da ido, zuciyarta ta karye, don ba ta ji ya ce komai game da zoben ba.

Ranar da aka sallami Siyamak, watan Safar saura ƙiris ya fita. Ya nace sai an sake ɗora tukunyar, tun da kunun farko ƙasa ce ta sha shi. Parastu ta wanke shinkafa, Maman ta jiƙa za'afaran. Shi kuwa yana zaune kan buhun gari, hannuwa a sama kamar wanda aka yi wa lalle, yana ta ba da umarni.

"Kar ki bari ya kama, Parastu jan."

"Ka yi mini shiru, mai taurin kai! Kai ka jawo mana."

Sai inuwa ta tare ƙofar filin.

Aga Manuchehr ne, cikin kwat ɗinsa na zuwa biki. Ta ƙofar gaba ya shigo, a kan idon duk masu leƙe daga shagon shayin da ke tsallake. Parastu ta san kafin yamma hotonsa zai karaɗe wayoyi. Mutumin da ya kwana yana jiran igiya, yara masu madara a baki za su kira shi karen gwamnati.

Ya tuɓe kwat ɗin, ya naɗe hannun riga.

"Ni fa ban yarda da waɗannan abubuwan ba," ya ce da Siyamak. "Kar ka ce na tuba."

"Ban ce ba, Aga."

"To yaya ake yi?"

"Juyawa kawai za ka yi, ka roƙi abin da kake so a zuciyarka."

Parastu ta miƙa masa muciyar. Karkatattun yatsun suka kasa riƙe ta, ta suɓuce. Ya sake gwadawa, ta sake suɓucewa. Sai ta ɗora hannunta a kan nasa, suka juya tare, tururin wardi na dukan fuskokinsu. Zoben na nan a yatsanta, dab da idonsa.

"Ni ban iya roƙo a zuci ba," ya ce. "A fili zan yi." Ya ɗago ya dubi Siyamak, hawaye na bin gemunsa. "Ɗana, in har yanzu kana son 'yar gidan da ya ƙona ka... ina roƙonka ka aure ta."

Parastu ta saki muciyar ta faɗa ƙirjin mahaifinta tana kuka. Siyamak ya yunƙura zai share nasa hawayen, ya tuna ba hannu, ya bar su suna zuba.

"Ku juya mini tukunya!" Maman ta daka musu tsawa, ita ma tana share hawaye. "Kuna nan kuna koke-koke zai kama, kuma bana ba mu da wata shinkafar!"