Muryar da Aka Sace wa Malam Sallau

"Faɗi sunanka, sannan ka faɗi abin da kake son saye," in ji na'urar Mashaidi daga cikin wayar.

Malam Sallau ya tattaro ƙarfinsa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi wata biyu da suka wuce, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi.

"Sal... lau Ma... ɗinki. Ma... gani."

Fitilar wayar ta yi ja. "Ba mu gane ka ba. Don kare mai katin, an soke wannan ciniki."

Karo na uku ke nan. 'Yarsa Barira, wadda ke durƙushe a gefen katifarsa, ta karɓi wayar ta duba kwalbar maganin. Saura na kwana huɗu.

A Zariya ta shekarar 2094 babu mai zuwa kanti, kuɗin takarda kuwa sai a gidan tarihi. Daga ɗaki ake sayen komai da kati, ƙananan jirage marasa matuƙi da ake kira shirwa su kawo har tsakar gida. Da ɓarayin kati suka addabi mutane, sai aka ƙera Mashaidi. Ba ya tambayar lambar sirri. Murya yake saurare, da numfashi, da yadda mutum ke jan magana, ya gwada da abin da ya sani game da shi. Magani irin na Malam Sallau kuwa ba a sayar da shi sai da katin mara lafiyar da kansa.

Barira ta san duk wannan fiye da kowa, domin tana cikin injiniyoyin da suka ƙera na'urar.

Da ta isa cibiyar Mashaidi inda take aiki, ta buɗo bayanan mahaifinta. A makon nan an yi ciniki da katinsa sau shida daga wani gari mai nisa, kuma duk Mashaidi ya amince. Ta sa abin saurare a kunne.

"Sallau Maɗinki ne, ɗan nan. Haba, sai ka ce ba ka san ni ba!" Sai ga 'yar dariyar nan tasa.

Muryar Baba ce, tangaran, kamar yadda take kafin ciwo. Barira ta saurara har sau uku kafin ta lura hawaye na ɗiga a kan teburinta. Ta san abin da ake kira inuwa: ɓarayi sukan tattara tsofaffin saƙonnin murya na mutum, su ɗinka su har su zama wani abu mai magana irin tasa. Baba kuwa shekara talatin bai fasa tura wa dangi gaisuwar Juma'a ba.

Ta shiga ofishin shugabanta, Injiniya Jatau, ba ta ko tsaya an yi mata iso ba.

"Yallaɓai, na'urar ta ɗauki ɓarawo ta bar mai kati. A buɗe mini in gyara da hannu."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Da wane hannun, Barira? Ke kika tsaya gaban kwamiti kika ce muddin ma'aikaci na iya taɓa na'urar, to za a saye shi. Muka bi shawararki muka toshe ƙofar. Ni ma ba ni da mabuɗi."

"To a sake yi masa rajista."

"Sai mai katin ya nema da bakinsa."

"A toshe katin, mu kai ƙara."

"Wannan ma sai shi. A wurin Mashaidi kuwa, mai katin shi ne wancan da ke dariya." Ya yi ajiyar zuciya. "Akwai kotu. Suna ba da rana bayan wata biyar."

Sai a lokacin ta ga abin da ba su hango ba sa'ad da suke ta murna a ɗakin gwaji. Sun koya wa na'urar ta riƙe mutum yadda yake, sun manta mutum yana tsufa, yana ciwo, kuka yana dushe masa murya. Inuwa ce kaɗai ba ta canzawa.

Kwana biyu tana kai gwauro tana kai mari tsakanin asibiti da ofisoshi. A rana ta uku da azahar ta lulluɓe fuskarta da mayafi ta shiga layin masu gyaran waya a ƙarƙashin tsohuwar gada. Aka nuna mata wani mutum mai farin kaftani, Ɗan'asabe. Ta faɗa masa sunan mahaifinta, ya ɗan latsa allonsa.

"Akwai shi a kasuwa. Murya mai kyau, Hajiya. Mahaifinki ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Kada ki ji kunya. Wallahi rabin masu zuwa wurina yanzu ba ɓarayi ba ne. Tsofaffi ne, da majinyata, da matan da aka yi wa rasuwa. Suna zuwa sayen kansu." Ya miƙa mata wani abu ƙarami kamar maɓallin riga. "Ki ajiye kusa da wayar, shi kuma ya yi shiru."

A gida ta ta da Baba zaune, ta jingina shi da matashi, ta sa masa wayar a hannunsa mai lafiya.

"Baba, don Allah kada ka ce komai. Ka riƙe kawai."

Mashaidi ya yi tambayarsa. Maɓallin ya amsa da fara'a, har da tsokana. Fitila ta yi kore.

"Barka da rana, Malam Sallau. Mun ji daɗin jin ka cikin ƙoshin lafiya."

Tsohon ya ƙura wa maɓallin ido. Yawu ya gangaro ta gefen da ya shanye, Barira ta goge masa da bakin mayafinta. Kafin la'asar shirwa ta sauke magani a tsakar gida.

Ya sha, jikinsa ya ɗan yi dama. Likita ya ce in yana gwada magana kullum, harshen zai iya saki. Amma Malam Sallau bai ƙara gwadawa ba. Da ƙanwarsa Gwaggo Lantana ta zo dubiya, ta zauna ta ce, "Yaya, ya ƙarfin jiki?" sai ya dube ta, ya dubi Barira, ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna maɓallin da ke kan tebur, wai a kunna ya amsa mata.