Jakar Da Ummu Salma Ta Ɗinka

Ranar da Ummu Salma ta fara ganin Inusa dariya ta yi masa, ba ta kuma ɓoye ba. Tana zaune a ƙofar shagon ɗinkinta da ke Matameye, bakin gudron, wato titin kwaltar da ya nufi Kance, tana warware wuyan wata riga, sai ga mutum ya ci birki a gabanta. Hular kwano a kansa, riga ta manne masa a jiki kamar an tsamo shi daga ruwa, wando ko gwiwa bai kai ba. Ya sauko daga wani siririn keke yana dafe da aljihun bayan rigar, wanda ya yage.

“Sannu da aiki. Don Allah ko za a kama mini nan?”

“Za a kama. Amma wandon fa, yadin ne bai isa ba?”

Ya dubi ƙafafunsa, ya dube ta, shi ma ya yi dariya. Ya ce sunansa Inusa, yana koyar da motsa jiki a kwalejin garin, kuma tseren keke yake yi. Kullum da asuba sai ya kai Kance ya dawo kafin a buga ƙararrawa.

Daga ranar rigunan Inusa suka shiga yagewa ba gaira ba dalili. Yau maɓalli, gobe zif. Ummu Salma ta gane, sai ma ta riƙa ajiye masa ruwan sanyi. Ita da take cewa ba ta da lokacin samari, sai ga ta tana ɗaga kai daga ɗinki duk sanda ta ji ƙarar sarƙa a titi. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

“Telata, yau iska tana gabana tun daga Kance, amma da na tuna wadda zan gani a ƙarshen hanya sai na ji kamar tura ni ake yi. Ina son ki.”

Ta karanta har ta kusa haddacewa kafin ta rubuta:

“Mai gudu, ka dai kula da motocin rake. Ni ma haka.”

Matsalar tana gida. Mahaifinta Alhaji Hashimu dillalin rake ne, yana lodin motoci daga lambunan Ɗan Barto, mutum ne kuma da yake son a ambaci sunansa a gyara zama. Akwai Abdurrazak ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke ajiye mota a ƙofar gidan yana aiko da gaisuwa, shi Alhaji ya fi so. Amma ya riga ya ce ba zai zaɓa wa 'yarsa miji ba, don haka da kawunnan Inusa suka zo tambaya bai kore su ba. Sharaɗi ya kafa.

“Yaron ba ni da ta cewa a kan halinsa. Amma ba zan zauna a majalisa a ce ga surukin Alhaji can ya wuce da gajeren wando yana tsere da iska ba. Ku kawo lefe in kun shirya. Kafin ranar ɗaurin aure kuwa, ya rabu da keken nan. In bai rabu da shi ba, babu aure.”

Kawunnan suka ce ai wannan mai sauƙi ne, keke ne fa. Su ba su taɓa ganin fuskar Inusa ba in ya sauko daga kansa. Ummu Salma ta gani, shi ya sa ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Ana cikin haka aka kira Inusa wata gasa a ƙasar Ruwanda, karon farko da zai hau jirgi. Ya zo shago da yamma, murna da damuwa sun haɗe masa a fuska.

“Salmata, zan je wannan, in na dawo shi ke nan. Na zaɓe ki.”

Ta so ta ji daɗi, amma muryarsa ta yi sanyi da yawa. Sai ta kawar da zancen, ta tambaye shi yadda keke yake shiga jirgi.

Nan ya zauna ya ba ta labari. Shi a zatonsa tura abinsa zai yi har bakin jirgi, a ɗaure a wani lungu kamar yadda ake yi a saman motar kasuwa. Da ya je Damagaram tambaya, ma'aikacin kamfanin jirgi ya ce sam. Sai an cire ƙafafun biyu, an kwance fedal, an juya kan keken ya kwanta, an sace iskar taya, sannan a sa shi cikin kwali ko jaka mai soso, kada kuma ya wuce kilon da aka yanka. Ya zaga Matameye kaf bai sami kwalin da zai ɗauka ba, sai wani na firij da ruwa ya riga ya ci gindinsa.

“Kawo shi gobe in auna,” in ji ta.

Haka ta auna keke kamar mai ɗinka wa amarya. Inusa yana kwancewa, tana lura da abin da ke karce wani. Ta yanka soso, ta yi wa kowace ƙafa aljihunta, ta yi ƙaramin aljihu na fedal, ta sa madauri masu ƙarfi. Da aka zo bayan jakar, yadin buhun da ta tanada ya yi mata muni a ido. Sai ta ɗauko atamfar da ta saya wa kanta don Salla, shuɗiya mai zanen ruwan zinari, ta sa mata almakashi ba tare da ta tsaya tunani ba.

Abdurrazak ya biyo ya tarar da ita a kai. Ya ce, “Yanzu ke da kanki kike yi wa ƙarfe riga?” Ta ce masa e, kuma mai ƙarfen bai taɓa raina aikin hannunta ba. Bai sake tsayawa a shagon ba.

Ranar tafiya saƙonni suka yi ta shigowa.

“An auna, bai wuce ba. Sun buɗe sun latsa taya, mutumin ya ce wa ya ɗinka wannan? Na ce wadda zan aura.”

Can kuma daga Yamai:

“Ina kallo ta taga ana jefa kaya cikin jirgi. Da suka ɗago jakarki na runtse ido. Wata hajiya a layi ta ce mini Allah ya sanya alheri, wai ta ɗauka kayan aure ne.”

Keke ya isa ko ƙwarzane babu. Inusa bai zo na ɗaya ba, amma ya gama tseren cikin na gaba-gaba, a ƙasar da ko'ina tudu ne. Da ya kira ta, tun daga sallamarsa ta ji wani Inusa da ba ta taɓa ji ba, yana magana yana haki yana dariya. Bayan ta ajiye wayar ta yi kuka, domin ta san wannan muryar ce za a binne ranar aurenta.

A hanyar dawowa ya tsaya Yamai ya haɗa lefe. Jirgin Damagaram ya yi jinkiri, har ya zama sai a safiyar ranar kai lefen ya iso Matameye. Ya sauke kaya a ɗakinsa, ya wuce kwaleji don ya nuna ya dawo. Gwaggonsa Shekara, wadda ita ce shugabar masu kai kaya, ta shiga ɗakin da mata. Ga akwatuna, ga kuma wata ƙatuwar jaka ta atamfa mai sheƙi, da takardar jirgi a hannunta.

“Wannan ce uwar lefen,” in ji Gwaggo Shekara. “Ku ɗauke ta a hankali, daga waje ta zo.”

A gidan Alhaji an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida. Ummu Salma tana ɗaki a ɓoye kamar yadda amarya ke yi, tana jin guɗa. Aka buɗe akwatuna ana ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya ana yabawa. Gwaggo ta bar babbar jaka sai ƙarshe, ta ja zif da kanta, ta sa hannu tana murmushi, ta zaro ƙafar keke.

Guɗa ta tsaya. Wata ta zaro fedal tana juya shi, ta ce ko abin hannu ne na zamani. Aka fashe da dariya. Hajiya Balki, mahaifiyar amarya, ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai ba a taɓa kawo wa 'yar gidan mutunci tarkacen ƙarfe a gaban jama'a ba, a kwashe a mayar.

Hayaniyar ce ta shigo da Alhaji daga zaure. Ya tsaya a kan jakar, ya daɗe yana kallo, sai fuskarsa ta washe.

“Ba ku gane ba. Yaron nan ya san girma. Na ce ya rabu da keke, shi ne ya aiko mini da shi har gida. A kai ɗakin ajiya.”

Nan take raini ya koma yabo, guɗa ta dawo. Ummu Salma da ta leƙo ta labule ta ga atamfarta, ta gane abin da ya faru. Ta rubuta masa:

“Gwaggo ta kawo kekenka cikin lefe. Baba ya ɗauka da gangan ka aiko, ya ji daɗi ƙwarai. In ka yi shiru, magana ta ƙare.”

Amsar ba ta daɗe ba:

“Ba zan fara zama da Baba a kan abin da ban yi ba. Ina zuwa bayan la'asar.”

Ya zo cikin dogayen kaya, ya durƙusa a zaure. Ummu Salma ta kawo ruwa, ta ƙi fita, ta raɓe a bakin ƙofa.

“Baba, kuskure aka yi. Ban aiko da keken ba, ban ma san an ɗauko shi ba. Gaskiya niyyata in zo in ƙara roƙon ka. Amma tunda ya shigo, in ka ce ya zauna, ya zauna. Ummu Salma ta fi mini shi.”

Fuskar Alhaji ta sauya. Ya riga ya yabi yaron a gaban mata, ga shi yabon ya tashi a banza. Ya ce, “To ya zauna.”

Inusa ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Ummu Salma ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, ta ji ba za ta iya ba. Ta matso ta durƙusa.

“Baba, in yi tambaya?”

“Ina jin ki.”

“Abin da aka buɗe cikin lefe a gaban shaidu, na wane ne?”

“Na amarya mana. Wannan ai kowa ya sani.”

“Ko uban amarya ba ya taɓawa?”

Alhaji ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, “Ba ya taɓawa.”

“To ashe Inusa ya cika sharaɗinka, Baba, ba shi da keke. Ni ce mai keke. Ina neman izininka in riƙa ba mijina aro. Na ji muryarsa ranar da ya gama tseren nan, ban taɓa jin mutum cikin farin ciki haka ba. Wancan mutumin nake so in aura, ba wanda zai zauna yana kallon titi saboda ni ba.”

Inusa bai ɗago ba, amma ta ga ya share ido da bakin hannun riga. Alhaji ya shafa gemu. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ya yi a gaban yara.

“Ni da nake ciniki tun kafin a haife ki, yau a zaurena aka yi mini wayo.” Ya juya wajen Inusa. “Da ka yi shiru ɗazu, da na ba ka ita ina murna, kuma da ban san wa na ba ba. Yanzu na sani. Kayanta ne, ta yi yadda ta so da su. Sai dai in za ka bi ta gaban majalisata, ka ɗora jallabiya.”

“Zan ɗora, Baba.”

An ɗaura aure ranar Asabar, zaure ya cika har titi. Da yamma da motar kayan ɗaki ta tashi, ga gado, ga kwanuka, ga keke an haɗa shi tsaf an ɗaure a can sama, Hajiya Balki da kanta ta sa aka goge shi. Kafin a fita da amarya Alhaji ya dafa kanta.

“Kin san abin da ke faranta ran mijinki, kin kuma tsaya masa a gabana. Ki riƙe wannan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari.”

Bayan an watse biki da 'yan kwanaki, Ummu Salma tana hura wutar koko da sassafe sai wayarta ta yi ƙarar shigowar saƙo. Ta ɗaga kai, ga mai saƙon nan tsaye a ƙofar ɗaki, hular kwano a hannu.

“Ranki ya daɗe mai keke, ana neman aro zuwa Kance.”

Ta goge hannunta a zane, ta rubuta:

“An ba ka, angona. Ka dawo mini da shi lafiya, da wanda ke kansa.”